Sun goge wa Mama toka a goshi: ra'ayina kan kamfanin da ya haɗa mana littafin rayuwarta

Bari in fara da abin da ya fi ƙona mini rai, in na sauke shi sai in samu bakin yabonsu, don abin yabo kam akwai shi ba kaɗan ba. Cikin hotunan da muka tura musu akwai wani na Mama tana tsaye a ƙofar cocin bariki riƙe da autanmu, ranar Larabar Toka ce, wato ranar da 'yan Katolika ke fara azumi, gicciyen tokar da Fada, limamin cocin, ya shafa mata yana nan raɗau a goshi. Da samfurin littafin ya iso na buɗe shafin sai na ga goshi fes, sumul kamar an wanke da sabulu. Wai mai gyaran hotonsu ya ɗauka datti ne ko tabon tsufan takarda, shi ne ya sa kwamfuta ta share. Na zauna ina kallon hoton nan ban san lokacin da dariya ta kuɓuce mini ba, can kuma sai hawaye. In ka cire tokar nan ai hoton ba shi da sauran labari, wata mata ce kawai tsaye a bakin ƙofa.

Ga waɗanda ba su san irin wannan aikin ba, kamfani ne da za ka tura wa tsofaffin hotuna da wasiƙu da duk wata takarda mai muhimmanci, su yi musu sikanin, su gyara waɗanda suka lalace, sannan wata ma'aikaciyarsu ta riƙa kiran tsohon ko tsohuwar a waya tana tambayoyi ana naɗar murya, su mayar da hirar rubutu, a ƙarshe su buga littafi mai bango mai kauri su haɗo maka da fayilolin. Ba zan kama sunansu ba saboda abin da zan faɗa akwai zaƙi akwai ɗaci, kuma irinsu sun cika intanet yanzu, kusan duk tsarinsu ɗaya ne, don haka maganar tawa za ta yi wa mai neman kowanne daga cikinsu amfani.

Mama ta rasu tana da shekara 94. Ita dai ba da kalanda take ƙirga shekarunta ba, da Paparoma take ƙirgawa da kuma bariki. Zamanin Pius na 11 aka haife ta, ta yi aure zamanin Pius na 12, ta ga John na 23, ta ga Paul na 6, sai John Paul na 1 da kwana 33 kacal ya yi a kan kujera a 1978, sai na 2, sai Benedict, sai Francis, har ta riski zaɓen Leo na 14 a watan Mayun 2025. Tara ke nan, kuma za ta jero maka su ba gargada ko da ta manta inda ta ajiye tabarau. Baba soja ne tun kafin a yi aurensu har ya yi ritaya, gida goma sha ɗaya ta zauna, ta haifi bakwai, biyar muka rage. Tana da 93 muka ce gara mu yi wani abu tun tana iya magana, don mun lura labaran sun fara guntulewa, wanda a da za ta yi awa tana ba ka yanzu jimla uku ta gama.

Duk tarihinta yana cikin wata akwatin ƙarfe ta Baba, irin wadda sojoji ke rubuta lambarsu a jiki da farin fenti. Hotuna sun fi ɗari uku, wasiƙun Baba ɗaure da zare, katin baftismar kowannenmu, ƙananan hotunan waliyyai da ake sakawa cikin littafin addu'a, da wani albam na shekarun 1970 irin mai gam ɗin nan da ake manna hoto a rufe da leda. In kuna da irin wannan albam a gida dan Allah ku duba shi yau, gam ɗin yana cin hoto, bayan takardar ya zama ruwan ɗorawa ya manne, in ka ja da ƙarfi ya yage. A nan ne na fara jinjina wa mutanen nan, sun ce kar mu ɓamɓare ko ɗaya, mu turo albam ɗin yadda yake, kuma sun cire su duka ba wanda ya yage, suka dawo mana da su kowanne cikin rigarsa ta takarda marar asid, an jera da lamba. Yabon gwani ya zama dole. Amma fa kwana tara da kwalin ya yi a hanya ban yi barcin kirki ba, don haka kafin ku tura ku ɗauki hoton komai da waya, ko bai yi kyau ba ya fi babu.

Matsala ta farko fom ɗin tambayoyinsu ne. An tsara shi ne don mutumin da ya zauna gari ɗaya, ya yi aikin ofis, ya yi ritaya aka ba shi agogo. Tambaya ta farko wai ki ba mu labarin gidan da kika reni 'ya'yanki. Mama ta ce wanne daga ciki? Ta biyu wai wane aiki kika yi, ta ce ɗaure kaya da kwance kaya. Ta uku wai wace nasara kika fi alfahari da ita, nan ta yi shiru ta miƙo mini wayar ta ce yarinyar nan me take nema ne. A jerin tambaya kusan sittin guda ɗaya ce tak ta taɓo addini, ita ma can ƙasa kusa da tambayar wace kala kika fi so. Matar da Misa, wato babbar ibadar cocin Katolika, ce ƙashin bayan kowace ranarta! Kira biyu na farko gaskiya asara ce, har na fara tunanin in ce su bar shi kawai su buga hotuna.

Abin da ya ceci aikin ita ce yarinyar da suka haɗa mu da ita. Ba 'yar Katolika ba ce, ta faɗa da bakinta tun farko, amma tana da kunne, kuma ba ta tsoron shiru, in tsohuwa ta yi shiru ba ta saurin cike wurin da surutu. A kira na uku ta ajiye takardarsu ta ce Mama, in kun sauka sabon bariki me kike fara yi? Shikenan kamar an buɗe famfo. Mama ta ce kafin a kwance ko tukunya ɗaya sai ta nemo inda coci yake da ƙarfe nawa ake Misar safe da sunan Fadan sojoji na wurin, sannan ta dawo ta buga ƙusa a bango ta rataye gicciye, in ta yi wannan to gida ya zama gida, sauran kaya ko sati za su yi a ɗaure ba ruwanta. Kuma wai ƙusa ɗaya ce, ita take cirewa ta saka a jakar hannu duk lokacin da taransifa ta zo, don kar ta isa wani wuri ta tsaya neman ƙusa. Ni da na girma a gidan ban taɓa sanin wannan ba. Bayan rasuwarta mun same ta a cikin jakar, ta lanƙwashe ta yi baƙi.

Daga nan hirar ta zama wani abu daban. Ta ba ta labarin Misa ta da, lokacin da kusan komai da Latin ake yi, Fada ya fuskanci bagadi jama'a na bayansa, mata kowa da rufin kai. Ta ce tana budurwa in za ka karɓi Jibin Ubangiji, wato gurasa mai tsarki da ake karɓa a Misa, tun tsakar dare ba ci ba sha, sai a 1957 aka mayar da shi awa uku, a 1964 kuma ya koma awa ɗaya, ta ce 'yan yanzu ba su san daɗin da suke ji ba. Babban taron shugabannin cocin Katolika, wato taron Vatican na biyu, da aka buɗe a Oktoban 1962 aka rufe a Disamban 1965 shi ya kawo yin Misa da harshen da mutane ke ji, kuma ta ce ta yi murna don a lokacin ne ta fara fahimtar wasu abubuwan da ta shekara tana amsawa da ka, amma akwai abu ɗaya da ta yi kewa. Ga matar soja Latin ɗin nan gata ne, duk inda aka jefa ku kalmomin ɗaya ne, ba ka zama baƙo a coci. Ta tuna wata wasiƙar Baba daga Kongo inda ya ce ya yi Misa tare da sojojin Ireland, ba ya gane rabin maganarsu in suna hira amma da aka fara addu'a bakinsu ya zo ɗaya. Wasiƙar tana cikin ɗaurin nan, mun same ta, tana shafi guda a littafin da rubutun hannunsa.

Maganar Kongo ita ce ta sa na ce ko me suka ɓata na yafe. Baba yana cikin sojojin da aka tura aikin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka fara a 1960 aka kammala a 1964. Ya bar Mama da yara uku ga ciki. Wasiƙa sai ta yi makonni kafin ta iso, in ta iso ma labarin cikinta ya riga ya tsufa, mutum zai ce miki yana lafiya amma lafiyar wata guda da ya wuce ce. Ta ce a bariki kowace mace ta san ma'anar a ga motar hafsa tana tafiya a hankali da Fada zaune a gaba. Wata ranar da hantsi tana wanke wa Yaya kai ta hango motar ta shigo layinsu, ta ce sabulu na hannunta ta kasa ko ɗauraye shi, tana leƙe ta taga bakinta na A gaishe ki Maryamu amma ba ta san inda take a cikin addu'ar ba, motar ta rage gudu daidai ƙofarmu, ta gota, ta tsaya a ƙofar maƙwabciya. Ta ce abin da ya fara fita daga bakinta shi ne na gode Allah. Sai kuma ta ji ihun matar. Ta ce kunyar wannan godiyar ba ta taɓa barinta ba, washegari ta je ta furta shi a matsayin zunubi, Fada ya ce mata ba zunubi ba ne, tsoro ne, amma ita ba ta yarda ba, ta ɗauki yaran matar biyu ta riƙe har lokacin da suka bar bariki. Shekara sittin da wani abu ba wanda ta taɓa faɗa wa a cikinmu, sai wata baƙuwa a waya. Na ji haushi kaɗan, ba zan ɓoye ba. Daga baya na gane da mu ne muka tambaya da ta kare mu daga labarin kamar yadda ta saba.

To sai aka zo mayar da magana rubutu, nan kuma aka koma gidan jiya. A bayyane yake manhaja ce ta fara rubutawa sannan wani ya bi sama-sama, kuma wanda ya bi ɗin bai san komai game da Katolika ba. Mama ta ce Monica ce ta koya mata haƙuri da 'ya'ya, suka rubuta wai yayarta Monica, har da neman mu turo hoton yayar. Haba! Waliyya Monica take nufi, mahaifiyar Waliyyi Augustine, matar da ta shekara da shekaru tana kuka da addu'a a kan ɗanta har aka yi masa baftisma a Milan a shekara ta 387, ana tunawa da ita ran 27 ga Agusta, ɗan kuma washegari. Mama ta riƙe ta ne saboda wani ƙanena da ya bar coci ya ba ta wahala, wannan kuma wani labarin ne ba na nan ba. Ta rera Salve Regina, waƙar yabon Maryamu, suka sa wai tana kiran wata ƙawarta Regina. Addu'ar Kyrie eleison suka rubuta a ƙasa wai Latin ne, alhali Girkanci ne. Wanda ya fi ba mu dariya shi ne Legion of Mary, da yake sun ji ana maganar soja kuma kalmar Legion na nufin runduna, sai suka rubuta cewa Mama ta yi aiki a wata rundunar matan sojoji. Ƙungiyar coci ce fa, Frank Duff ya kafa ta a Dublin a 1921, suna taro duk sati, su yi addu'a, su fita ziyarar marasa lafiya da waɗanda suka daina zuwa coci. Mama ta fi shekara hamsin a ciki, duk barikin da ta je in babu sai ta tayar da ita. Yaya ya ce a bar musu kuskuren don a gaskiya ta fi Baba iya ba da oda.

Dare huɗu na yi da abin ji a kunne ina bin rubutun layi-layi da muryar. Wanda ba shi da wannan lokacin, ko kuma babu wanda ya san addinin tsohuwar a cikin masu dubawa, to littafi zai fito da kyau a ido amma cike da shirme, jikoki kuma su ɗauka gaskiya ne tunda a buge yake.

Mu dawo kan hotuna. Ban da toka, sun kuma share igiyar sikafula da ke wuyanta a hotuna uku, wai sun ɗauka karce ne. Ƙaramin ƙyalle ne ruwan ƙasa guda biyu da igiya, ɗaya a ƙirji ɗaya a baya, Mama ba ta taɓa cire nata ba sai in ya tsinke a sauya, da shi aka binne ta. Sannan akwai hoton Baba na Kongo baƙi da fari, suka ce za su sa masa kala kyauta, muka ce to. Hular da ya kamata ta fito shuɗiya irin ta Majalisar Ɗinkin Duniya sai ga ta kore. Yaya da shi ma ya sa irin hular nan lokacin da aka tura shi kudancin Lebanon bayan an kafa rundunar can a 1978, da ya gani sai da ya miƙe tsaye. Abin da ya kamata mutane su sani shi ne kwamfuta ba ta san kalar da ke wurin ba, hasashe kawai take yi, don haka duk abin da kalarsa ke da ma'ana, hula ce, lambar yabo ce, rigar Fada ce, to ko dai ku faɗa musu tun farko ko ku ce a bar shi baƙi da fari. Fuska ma haka, akwai hoton Mama tana da wajen 80 da suka goge mata duk tamoji ta koma kamar 'yar tsana. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Na ce su mayar mata da tsufanta, da wahala ta same shi.

Amma inda gyaran ya yi kyau ya yi kyau sosai. Hoton aurensu ruwa ya taɓa shiga akwatin a wata tafiya, gefe guda ya yi taswira, ga tsaga ta ratsa ta kafaɗar Baba. Yadda suka dawo da shi sai ka rantse jiya aka wanke. Hotunan kala na shekarun 1970 da duk suka koma jajaye su ma sun daidaita su ba tare da sun zuzuta ba. Wato hannun suna da shi, sanin abin da bai kamata a taɓa ba ne babu.

Abu biyu da ba za su yi ba sai ka roƙa, kuma ba su rubuta a ko'ina ba. Na ɗaya sikanin bayan hoto. Baba yana da ɗabi'ar rubuta wuri da shekara a bayan kowane hoto, wani lokaci har da 'yar tsokana ga Mama, da ban tambaya ba da duk wannan ya tafi. Na biyu girman fayil, abin da suke bayarwa kai tsaye fayil ne irin JPEG a 300 dpi, wato yawan ɗigon hoto a kowane inci, ya isa a buga hoto daidai girmansa, amma ƙananan hotuna irin na fasfo in kana so ka faɗaɗa su sai 600 ko sama, kuma ka ce su ba ka TIFF, irin fayil ɗin da ba ya rage ingancin hoto, na asali wanda ba a taɓa ba tare da wanda aka gyara. Wannan ne ya cece mu a maganar toka, da yake na asalin yana nan mayar da shi bai ɗauki komai ba. Kuma kar ku yarda a turo muku hotuna ta manhajar hira a waya, tana matse su.

Wajen amsa ƙorafi ba laifi. Na tura imel mai zafi, cikin kwana biyu wata ta kira ni da kanta ta ba da haƙuri, ba ta tsaya kare kai ba, ta ce in jero duk abin da ba a so a taɓa. Gyara zagaye biyu yana cikin kuɗin da ka biya, na uku sai ka ƙara, mu kuwa sai da muka kai na uku, kuma ina ganin bai dace a caje mu kuɗin gyara kuskuren da ba mu muka yi ba, na faɗa musu, suka rage amma ba su yafe ba. Jinkiri kuma shi ne babban laifinsu bayan toka. Sati takwas suka ce, sai da aka kusa wata biyar. Mai uwa 'yar shekara 93 ya san abin da wata biyar ke nufi, duk tarin da ta yi da dare sai gabana ya faɗi in tuna littafin nan.

Wata dabara da ba daga wurinsu na samu ba amma za ta yi wa wani amfani: sun nace sai mun ba su ranar haihuwa da ranar aure daidai, mu kuma takardun sun ɓace a yawon bariki. Fadan cocinmu ne ya ce mu rubuta wa cocin da aka yi mata baftisma, domin a tsarin Katolika rajistar baftisma ita ce uwa, in mutum ya karɓi tabbatarwa, wato ibadar da ke biye wa baftisma, ko ya yi aure ko a ina ne ana aika sanarwa can a rubuta a gefen sunansa. Muka rubuta, ga mamakinmu aka turo mana, har da sunan wadda ta tsaya mata. Matar da ta zauna gida goma sha ɗaya ashe akwai layi ɗaya a wani tsohon littafi da ke biye da ita duk tsawon nan.

Shi littafin kansa ba abin kushewa. Takarda mai kauri ba mai ƙyalli da ke kashe ido ba, ɗinki ne ba gam ba don haka yana buɗuwa ya kwanta, mun ce a ƙara girman rubutu saboda idonta suka yi. Sun sa wasu 'yan lambobi da ake haskawa da waya a ji muryarta a wasu shafuka, abin burgewa, sai dai yana aiki ne muddin shafinsu na intanet yana raye, kamfani kuwa yau yana nan gobe babu, don haka na sauke komai na zuba a filashi uku na raba wa 'yan'uwa.

Ranar da muka kai mata ta sa tabarau ta ɗauko madubin ƙara girma, ta daɗe a kan hoton aure, ta ce wace ce wannan siririyar. Ta wuce shafin Kongo da sauri ba ta ce komai ba. Da ta zo kan hoton Larabar Toka, wanda aka mayar wa tokarsa, sai ta sa yatsa a goshin ta ce Fadan nan hannunsa nauyi gare shi, kullum sai ya zuba wa mutum har ido. Ta kuma kama kuskure ɗaya da duk mu biyar da kamfanin muka tsallake, a wani wuri an rubuta asiran rosari, wato abubuwan da ake tunawa a addu'ar carbi, 20 ne tun tana yarinya, ta ce ina, 15 ne, John Paul na 2 ne ya ƙara biyar na haske a 2002, ta ce tana da saba'in da ɗoriya ta koma ɗaliba tana haddace na ranar Alhamis. Yaya ya gyara da biro a gefe, haka yake har yanzu a duk kwafin. Bayan haka ba ta cika buɗe shi ba gaskiya, ta ajiye shi a gefen gado ta ɗora carbinta a kai, amma duk wanda ya zo gaishe ta sai ta ce a nuna masa. Wata bakwai ta yi da shi. Ranar da Fada ya zo ya yi mata shafewar marasa lafiya yana nan a wurin, a kansa ma aka ɗora kyandir.

In tauraro ake bayarwa zan ba su uku da rabi cikin biyar. Sikanin da bugu biyar, yarinyar da ta yi hira ta fi biyar, rubutu da gyaran hoto biyu, cika alkawarin lokaci ɗaya. Zan ce wa wani ya yi, amma da sharaɗi: ka rubuta musu tambayoyinka da kanka ka watsar da nasu, ka ba su jerin sunayen waliyyai da addu'o'i da muƙaman soja da wuraren da tsohuwar za ta ambata tun kafin kira na farko, ka rubuta da manyan baƙaƙe cewa kar a goge komai a jikin mutum sai an tambaye ka, sannan ka ninka duk lokacin da suka ce maka sau biyu.

Na ƙarshe, ka nemi muryar ɗanya wadda ba a yanke ba. Su abin da suke bayarwa shi ne wanda suka tace, sun cire shiru da tari da duk abin da suke ganin ba ya cikin labari. Da na matsa suka turo mini na asali, a kira na ƙarshe ashe ana cikin magana agogonta ya buga lokacin addu'a, Mama kuwa ba ta ce wa kowa komai ba ta ajiye wayar a cinya ta kama rosari, ta manta da mutum a layi. Yarinyar ba ta kashe ba. Minti goma sha tara ana jin muryar Mama ƙasa-ƙasa da ƙarar 'ya'yan carbi suna gogar juna, a tsakiya ta lissafo sunayenmu ɗaya bayan ɗaya har da biyun da suka rasu da Baba da sunan maƙwabciyar nan ta bariki. Da ta gama sai aka ji ta laluba wayar ta ce, yarinya, kina nan? Ita kuma ta ce ina nan Mama. A fayil ɗin da suka tace duk wannan babu shi, an rubuta a wurin wai an ɗan dakata.